Hayaƙin Gidanmu

Skorvik, 9 ga Oktoba, 1927

Zuwa ga Baffana Samal, a Kopenhagen.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikinka na katakon jiragen ruwa. Ni ce Sunneva, 'yar yayanka Tummas. Ba ka san ni ba, don bayan tafiyarka aka haife ni. Mu nan kalau muke, sai 'yar mura da 'yan matana biyu, Malan da Billa, suka yi, ita ma ta sake su.

Baba ya rasu ranar uku ga Satumba. Ba teku ne ya ci shi ba, a bakin ƙofa ya faɗi yana gyaran ƙugiya. Na san shekara talatin da ɗaya ba ku ce wa juna uffan ba, wai a kan rago ɗaya. Ban san ragon ba, kuma na tabbata tuni aka cinye shi. Ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Baba ya tafi da asirin Rumbu a cikinsa, wato wurin nan na cikin teku da jirginmu ke samun kifi. Ba shi da ɗa namiji, mijina Hanus kuwa mutumin birnin Torshavn ne, shekara tara yana jan filafili a jirginsa amma har ya koma ga Allah "baƙon nan" yake ce masa. Sauran mutum bakwai da ke fita da shi sun san dai ana nufar arewa maso gabas, tafiyar sa'a biyu. Daga nan sai Baba ya hau kalle-kalle, ya dubi sama, ya dubi ƙafarsa, ya tofa yawu, ya ɗauko waƙar coci, can sai ya ce a saki igiya. Tsoho Danjal ya rantse ya gane alamar. Sau huɗu yana kai su, abin da suka kamo ko kyanwa ba zai ƙosar ba. Ka fi ni sanin cewa wurin bai fi maƙabartarmu faɗi ba, in ka kauce kaɗan sai yashi.

Gida takwas ke ci daga jirgin nan. Hanus, wanda yanzu shi ne matuƙi, ya ce idan hunturu ya ƙare rumfar shanya babu kifi, zai sa hannu a babban jirgin da ke ɗibar maza zuwa kamun kifi a ƙasar Aislan ranar goma ga Maris, ni da yara mu koma ɗakin uwarsa a birni. In ya tafi sauran za su bi, ƙauyen ya zama na tumaki. Ni kam babu inda za ni.

Kai kaɗai ka rage a cikin waɗanda Kaka ya nuna wa alamar. Ka rubuto mini ita.

'Yarka,
Sunneva

*

Kopenhagen, 2 ga Nuwamba, 1927

Zuwa ga Sunneva 'yar Tummas.

Na sami takardarki, na kuma gaishe ki da mijinki da yaran. Ni lafiya lau, ban da gwiwar hagu da ke riga kowa sanin ruwa zai sauko. Allah ya jiƙan Tummas. Da na karanta na ajiye guduma na zauna, har mai gidan aiki ya zo ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Ban zaci abin zai taɓa ni haka ba.

Ragon nawa ne, a rubuta wannan a ajiye.

Batun Rumbu kuma, ki yi haƙuri. Ba a sa alama a takarda. Ubanmu a kan ruwa ya faɗa mana, baki da kunne, bayan ya sa mun ɗora hannu a bakin jirgi mun rantse. Takarda sai ta bi hannu nawa kafin ta iso ki? In mutanen ƙauyen ƙetare suka ji, mako guda su kwashe wurin tas. Kuma ba a faɗa wa 'ya mace. Ba raini ba ne, aure ke ɗauke ta ta tafi da shi wani gari.

Ki bar mijinki ya nemi abincinsa inda yake gani. Ni ma na bar duwatsun nan, ban mutu ba.

Har yanzu ƙofar tana kuka idan iskar arewa ta taso? Na sha cewa zan gyara ta, ban samu ba.

Baffanki,
Samal

*

Skorvik, 25 ga Nuwamba, 1927

Baffa,

Ina gaisuwa, Allah ya ba gwiwa lafiya. Ga safa nan na saƙa maka da gashin tumakinmu, ka sa ko ta yi maka maganin sanyi. Mu muna nan, dankali da ɗan naman da muka shanya muke ja a hankali.

Na karanta takardarka sau uku ina neman inda ka yi magana irin ta mai hankali, sai a wajen rago na samu. To, naka ne, na yarda.

Ka ce aure ke ɗauke mace. Ni aure bai kai ni ko bayan katanga ba, ni ce ma na jawo mijin daga birni na zaunar da shi nan. Ka ce ka rantse. Ka rantse ne don kada kifin Skorvik ya shiga tukunyar wasu, ko don kada ya shiga tukunyar kowa? Mutum biyu da suka ji rantsuwarka duk suna kwance bayan coci, ba kuma su ne za su kwana da yunwa a watan Fabrairu ba. Matar Danjal ta fara tambayar yadda hayar ɗaki take a Torshavn. Gida na biyu ke nan da ke shirin tashi, bayan namu.

Ka ce ka bar duwatsun nan ba ka mutu ba. Gaskiya ne. Amma mutumin da ke tambayar lafiyar ƙofa bayan shekara talatin, ban ga alamar ya bar ko'ina ba. Ƙofarmu dai ba ta kuka, ban taɓa jin ta yi ba.

In ba za ka rubuto ba, wallahi zan bar wa Hanus yara in hau jirgin wasiƙu in zo in zauna a ƙofar wurin aikinka har sai ka faɗa mini baki da kunne, tunda haka al'adar take so. Ka tambayi duk wanda ya san Tummas ko 'yarsa tana faɗin abin da ba za ta yi ba.

Sunneva

*

Kopenhagen, 17 ga Disamba, 1927

Sunneva,

Gaisuwa, da barka da Kirsimeti tun kafin ta zo. Safa ta yi daidai, sai dai kin matse diddige, haka uwarmu ma take yi. Kada ki zo. Bakin Tummas ɗaya ya ishe ni a duniya, ga shi ya bar mini na biyu.

Kwana shida ina juya maganarki. Allah ya yafe mini, ga ta. Ki karanta ke kaɗai, ki haddace, ki jefa takardar a wuta. Hanus kawai za ki faɗa wa, kada Danjal ko wani ya ji.

Su ja arewa maso gabas har dutsen nan da ke tsaye cikin ruwa, Tsohuwa, ya rufe kwazazzabon da rafi ke zubowa ta cikinsa, kada a ga farin ruwan ko kaɗan. Su riƙe Tsohuwa a haka, su ci gaba da ja har tsinin tsaunin Ƙaho ya zauna daidai a kan hayaƙin gidanmu. Nan za su saki igiya. Zurfin gaba sittin ne, ƙasan dutse ne, za su ji darmar bakin igiya ta buga.

Shi ke nan abin da Tummas yake wa waƙar coci da tofa yawu. Ki tabbata akwai wuta a murhu duk ranar da suka fita.

Samal

*

Skorvik, 19 ga Janairu, 1928

Baffa Samal,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Ina fata kai ma haka.

Sau uku suka fita. Sau uku na cika murhu da gawayin ƙasa har yara suna tari, hayaƙi ya miƙe sama kamar sanda. Hanus ya rufe kwazazzabo da Tsohuwa, ya ɗora Ƙaho a kan hayaƙin gidanmu, ya ce a saki. Gaba arba'in da biyar, yashi zalla. A fita ta uku iska ta juya musu, da ƙyar suka shigo, hannun Danjal ya tsage a kan filafili.

Yanzu in Hanus ya wuce sai ka ji ana cewa, "Matuƙi, yau wace takarda za mu bi?" Don sun gane daga wajenka abin ya fito, jirgin wasiƙu ba ya ɓuya. Shi kuwa sai ya sauko da akwatinsa na tafiya ya shafa masa mai. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Zan tambaye ka abu ɗaya, ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. Mantawa ka yi, ko da gangan ka karkatar da mu don ka rama abin da Baba ya yi maka? In ramuwa ce, ka makara, wanda kake nufi ba ya jin yunwa yanzu. Malan da Billa ne ke ji. Na ji haushinka ƙwarai, na kuma ji haushin kaina da na gaskata mutumin da ban taɓa gani ba.

Saura kwana hamsin. Ko ka amsa ko kada ka amsa, sai na nemo wurin nan.

Sunneva

*

Kopenhagen, 6 ga Fabrairu, 1928

'Yar Tummas,

Ina gaishe ki, ko da yake takardarki ba ta bar mini wurin gaisuwa ba. A yi wa Danjal sannu da hannu.

An kira ni abubuwa da yawa a garin nan, mai taurin kai, baƙauye, mai warin kifi, amma ba a taɓa ce mini maƙaryaci ba sai da 'yar ɗan'uwana ta koyi rubutu. Na karya rantsuwar ubana saboda ke, sakayyar ke nan.

Ban manta ba. Sunana zan manta kafin in manta wannan. Mijinki ne bai iya duba ba, mutumin birni ai ko dutse aka aza masa a hanci sai ya tambaya. Ta yaya ma mutum zai ɓata? Gidanmu shi ne na can sama, shi kaɗai a hayin rafi, sauran gidaje duk suna ƙasa a cunkushe. Don haka kakanmu ya zaɓe shi, ba mai haɗa hayaƙinsa da na wani.

Kullum in na tashi daga aiki na zauna, sai in rufe ido in haura hanyar nan. In tsallake rafi a kan duwatsu uku, na tsakiya yana motsi. In sunkuya saboda ƙofar gajera ce, in ture ta ta yi kukanta, ga murhu a tsakar ɗaki, ga kafar hayaƙi a rufin ciyawa, ga gadon uwarmu a jikin bango. Shekara talatin da ɗaya ban fasa ko rana ɗaya ba. Ke da kike kwana a cikinsa za ki ce mini na manta?

Ki ce wa Hanus ya wanke idonsa ya sake fita.

Samal

*

Skorvik, 22 ga Fabrairu, 1928

Baffana,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma neman gafara. Na yi maka ƙazafi, bakina ya yi kaifi inda bai kamata ba. Ka zauna kafin ka karanta sauran, don abin da zan faɗa ba mai daɗi ba ne, kuma na rasa yadda zan tausasa shi.

Gidan da kake shiga kullum babu shi. Ban taɓa ganinsa ba. Na je na tambayi matar Danjal, ta ce shekara guda bayan tafiyarka, da Kaka mace ta rasu, dusar ƙanƙara ta karya rufin. Baba ya rushe sauran, ya gangaro da duwatsun ya gina wanda muke ciki a bakin gaɓa, kusa da rumfar jirgi. A nan aka haife ni. Da ka rubuta "gidanmu" ban kawo komai a raina ba sai inda nake zaune. Hanus baƙo ne, bai sani ba. Danjal da ya sani, ka ce kada ya ji. Ni kuma na ɗauka ka san da rushewar, ban taɓa zama na ƙirga shekaru ba. Ashe ba wanda ya rubuta maka. Na yi kuka da na kai wajen duwatsu uku, don suna nan, na tsakiyan ma har yanzu yana motsi.

Sai na zauna ina tambayar kaina, to Baba fa, da me ya yi ta samun Rumbu shekara talatin babu gidan? Baffa, da ni.

Tun ina 'yar shekara bakwai, duk safiyar da jirgi zai fita, Inna takan ja ni mu haura kufan nan na hayin rafi mu hura wuta a kan wani faffaɗan dutse, mu zuba mata ɗanyar ciyawa. Ta ce sa'a ce, haka matan gidanmu suke yi don maza su dawo lafiya. Da ta rasu na ci gaba ni kaɗai. In na yi nawa, Baba ya leƙo ya ce, "Ke, kin kai wa kakarki wuta?" Ba ya taɓa hawa jirgi sai ya ga na kama hanya. Bayan jana'izarsa Hanus ya ce camfi ne, ɓarnar gawayi ce, mu masu zuwa coci bai dace da mu ba. Ni ma na gaji da hawan, sai na bari. Faffaɗan dutsen nan murhunku ne. Rashin sani ya sa kaza ta kwana da yunwa a kan dami.

Ban san ko in yi fushi da Baba ko in yi dariya ba. Shekara ashirin da uku ina riƙe masa rabin asirinsa, bai ga ya dace ya gaya mini ba don ni mace ce.

Na faɗa wa Hanus. Ya ce sau uku ya kai mutane wahala a kan maganata, ba shi da fuskar da zai sake tara su. Na ce to ni zan tara su. Na bi gida bakwai ɗaya bayan ɗaya, sun yarda da fita ɗaya tak. Sai dai tun shekaranjiya teku ya haukace, ko tsuntsu ba ya sauka a kansa. Na riga na kai gawayi kwando huɗu can sama na rufe da fatar tunkiya. Rana ɗaya kawai nake roƙo.

'Yarka,
Sunneva

*

Kopenhagen, 3 ga Maris, 1928

Sunneva,

Na gaishe ki. Na yafe miki, ba ki yi komai ba.

Jiya na zauna na rufe ido, na tsallake rafi, na tsaya. Ban sami abin turawa ba.

Da rago ne kawai da na ce mun yi kunnen doki, amma ya rushe ɗakin da uwarmu ta haife mu bai aiko mini da layi ɗaya ba. Ki bar wahalar da kanki, 'yata. Wurin da ya ƙare ya ƙare. Ki bar Hanus ya sa hannu, ki kwashi yaranki ku tafi inda akwai likita da makaranta. Kada ki tsufa kina gadin kufai kamar yadda na yi.

Samal

*

Skorvik, 14 ga Maris, 1928

Baffa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Mu duk lafiya, Billa ta fidda haƙori. Takardarka jiya ta iso, kuma gara da ta makara, don da ta zo da wuri ma ba zan bi ta ba.

Kwana goma sha takwas iska ba ta tsaya ba. Hanus ya gama ɗaure akwati, uwarsa ta aiko cewa ta share mana ɗaki. Ranar Juma'a, tara ga wata, gari ya waye teku ya kwanta. Na tashe shi na ce ga ranarmu. Ya ce, "Sunneva, gobe jirgi zai zo. In na sake dawowa da su hannu wofi, da wane ido zan bar garin nan?" Na ce, "Da wanda za ka bar shi in ba ka gwada ba. Tashi ka sa takalmi."

Na haura da garwashi a tukunya. Dusar ƙanƙara ta rufe murhun, da hannu na tone shi. Wutar ta mutu sau biyu, gawayin ya sha danshi, sai da na yage gefen zanen ulun da ke jikina na haɗa da tsohuwar igiya mai kwalta kafin ta kama. Na zuba ɗanyar ciyawa, hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin. Daga can ina hango su kamar ƙwayar wake a faranti. Na ga sun wuce inda suka tsaya a da, sun ci gaba, sun ci gaba, har na ce a raina Hanus ya sake ɓata. Sai suka tsaya. Sa'a biyar ina ciyar da wutar nan, ban san me ake ciki ba, gwiwoyina sun daina jin sanyi ma.

Da yamma da suka shigo, bakin jirgin saura kaɗan ya sha ruwa don nauyi. Gaba sittin, Baffa, darma ta buga dutse kamar yadda ka faɗa. Danjal ya ce tun igiyar farko ba su sami sukunin cika lofe ba. Ya sauko ya dube ni da baƙin hayaƙi har cikin hanci, ya ce, "Shekara arba'in ina kallon bakin Tummas, ashe bayan gidansa ya kamata in kalla." Asiri dai ya tonu, mutum takwas sun gani da idonsu. Ban damu ba. Ɓoye shi ne ya kusa tashin garin nan.

Ranar Asabar jirgin Aislan ya tsaya a bakin gaɓa ya yi ta busa. Hanus yana rumfar shanya yana feɗe kifi, hannunsa jina-jina. Malan ta ce masa, "Baba, ana kiranka." Ya ce ta miƙo masa gishiri. Ba wanda ya tafi daga Skorvik bana.

Ban iya mayar maka da abin da Baba ya rushe ba, ba kuma zan kare shi ba, bai kyauta maka ba. Amma kada ka ƙara ce wa wurin nan kufai. Ranar Juma'a gidanku ya yi hayaƙi, an kuma gan shi daga tafiyar sa'a biyu a cikin teku.

Ga busasshen kifi zai biyo baya da zarar ya sha iska. Sai dai akwai matsala, kuma taka ce. Ruwan sama yana kashe mini wuta, ba zan yi ta yage zannuwana ba. Murhun yana son bango da rufi da ƙofa, garin nan kuwa masu jan filafili ne kawai, babu kafinta ko ɗaya. Duwatsu ni da Hanus za mu hauro da su kafin Yuni. Na auna wurin, gaba uku ne da gaba biyu da rabi.

Ka taho da kayan aikinka.

'Yarka,
Sunneva